Mutuwar Ɗan Kwano a Rediyo

Cikin duk shekarun da na yi ina riƙe da na'urar sauti a gidan rediyon nan, akwai wata Asabar da har gobe ba ta fita raina ba. Ku sababbin shiga kuna jin ana kirana Baban Ɗan Kwano, kuna ta dariya ba ku san mafari ba. To ku gyara zama, yau za ku ji daga bakina.

A lokacin Rabi tana istaji, wato watanni ukun gwaji da ake yi wa ɗan jarida kafin a sa masa hannu a takardar aiki. Saura mata sati ɗaya. Darakta ya damƙa mata shirin kacici-kacici na hantsin Asabar. Tsarinsa mai sauƙi ne: ta karanta tambaya, mai sauraro ya bugo waya, ni in buɗe masa layi, ita ta ce daidai ko kuskure. Wanda ya ci uku a jere ya zo ya ɗauki akwatin rediyo.

Ran nan ta zaɓi tsofaffin finafinan jiragen da ke yawo tsakanin taurari. Wane matuƙi ne ba ya cire safar hannu, wace likita ce ke jin yaren halittun wata duniya, irin waɗannan. Wani tela daga Zango, Malam Habu, ya ci biyu ko numfashi bai ja ba. Ta uku a kan wani mutum-mutumin ƙarfe ce, mai yi wa matuƙan jirgi hidima. Sunansa na fim babu mai iya faɗa a garin nan, kowa Ɗan Kwano yake ce masa, saboda kansa kamar an kife kwanon sha.

Rabi ta ce, "Baba, yaya ƙarshen Ɗan Kwano?"

Ya ce, "Haba 'yata, wannan ai kyauta kika ba ni. Ya faɗa cikin sarari, kowa ya fid da rai, sai ga shi ya dawo yana raba wa mutanen jirgi abin sha."

Ta ce, "Ayya Baba, ba haka ba ne. Ya fita toshe ɓarakar jirgi, igiyarsa ta tsinke, bai dawo ba. A nan fim ya ƙare."

Wayyo! Layukanmu biyu suka kama ƙara ba ƙaƙƙautawa. Wani daga Birni, wani daga Gouna, wani ɗan kabu-kabu ya tsaya bakin hanya yana ihu cikin waya. Duk dattawa, kuma bakinsu ɗaya: yarinyar nan ba ta san fim ba, ta zalunci tela. Na sa kiɗa don a sarara. Ni kuwa duk Damagaram ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka san inda matsalar take.

Kiɗa bai yi nisa ba darakta ya banko ƙofa. Ya ce, "Madmazel, ni ina ɗan makarantar lekol na haura katangar silima na kalli fim ɗin nan sau uku. Ɗan Kwano ya dawo! Da idona na gani."

Ta ce, "Mushe, shekaranjiya na kalle shi tun daga farko har ƙarshe."

"Yankakke kika kalla. Kiɗan nan na ƙarewa ki ba mutane haƙuri, ki ba tela rediyonsa. In ba haka ba istajinki ya ƙare yau."

Idonta ya ciko, amma ta ce, "Mushe, rediyo a ba shi, ban hana ba. Amma ba zan faɗa wa jama'a abin da na san ba haka yake ba." Wallahi a nan kunya ta rufe ni. Yarinya sa'ar 'yata za ta rasa aikinta a kan abin da hannuna ya aikata tun ba a haife ta ba.

Bari in koma da ku baya. Kafin rediyo, a wani gidan silima nake, wanda yanzu ya zama ma'ajiyar siminti. Ni ne mai haska fim. A zamanin fim yana zuwa ne a faifai, muna ce masa bobin, kowane cikin gwangwaninsa da lamba a manne. Kafin ya iso mana ya sha yawo daga Yamai zuwa Maraɗi, ya tsufa, ya sha ɗinki. Wannan ya zo bobin biyar. Takardun gwangwani biyu na ƙarshe sun ɓare, wutsiyar na ƙarshe kuma an yanke ta, har da rubutun da ke nuna fim ya ƙare. Na ɗaga su a haske, na ƙiyasta, na sa na biyar kafin na huɗu.

Sai mutane suka ga igiya ta tsinke, gida ya yi tsit, wasu har da share hawaye. Na ɗora ɗaya bobin, ga Ɗan Kwano da faranti yana raba abin sha, matuƙa suna shagali. Ashe wannan shagalin tun kafin ɓarakar ne, na tsira daga wata duniya. Ban taɓa jin tafi irin na ranar ba. Washegari da na natsu na gane kuskurena, na je wa mai gidana da maganar. Ya ce, "Issufu, ka ji tafin jiya? Kar ka taɓa komai." Duk zuwan da fim ɗin ya sake yi, haka na haska shi, ina sane.

Wannan na zayyana wa darakta a tsaye, cikin minti biyu. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ni mikro in yi wa jama'a magana. Ni na ɗaura, ni zan kwance." Teknisiyan, wato mai riƙe da na'ura irina, ba ya magana a iska, doka ce, kun sani. Amma ya matsa mini.

Na ce wa jama'a sunana, na ce ni ne wanda suke jifa da ɓawon gyaɗa in fim ya tsinke. Na faɗi zancen bobin biyu ban rage komai ba. Na ce Malam Habu bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya faɗa. Rabi kuma ita ce da gaskiyar fim. Mai laifi ɗaya ne, ga shi yana magana.

Malam Habu yana kan layi duk tsawon nan. Can ya ce, "Issufu, yanzu kana nufin Ɗan Kwano ya mutu?"

Na ce, "Ya mutu, Malam. Tun ranar farko."

Ya ce, "Inna lillahi. Jikokina duk na ba su labarin dawowarsa."

An ba shi rediyo, don darakta ya yanke cewa amsoshin biyu sun ci. Ranar Litinin, tun satin bai cika ba, aka sa wa Rabi hannu a takarda, ga ta can yanzu ita ke tsara muku aiki. Darakta kuwa sati guda bai amsa gaisuwata da kyau ba. Ya ce na ɓata masa ƙuruciya.

Abin da na ɗauka daga ranar shi ne, a aikin nan gari guda na iya haɗuwa a kan kuskure da zuciya ɗaya, kuma ƙaramin cikinku ne zai sha dukan. In kun san yadda abu ya karkace, ku tashi ku faɗa tun kafin a hukunta wani. In mai sauraro ya rantse da idonsa ya gani, kar ku yi saurin ƙaryata shi, ku tambaye shi a ina ya gani.

Ran Talata ina zaune a nan sai mai gadi ya ce ina da baƙo. Malam Habu ne, da babbar riga da goro a leda. Ya zauna, ya miƙo mini hannu, fuskarsa ba wasa. Ya ce, "Na zo maka ta'aziyya ne. Shekara da shekaru kana riƙe mana shi da rai, kai ya kamata a yi wa gaisuwa."

Na karɓi goron da hannu biyu, na ce na gode.