Tarar Da Na Biya Wa Wanda Ban Gani Ba

Jama'a, abin da zan ba ku ɗin nan wallahi da ni ya faru, ba a majalisa na ji shi ba. Shekarun baya ne, lokacin da jirgin ƙasa na Kano zuwa Ikko ya dawo aiki, ina sayar da hatsi a kasuwar Gaya, gida kuma Toranke. Sai aka bugo min waya cewa ƙanena Sale da ke acaɓa a Minna mota ta buge shi, yana asibiti ƙafa a karye, ba kowa nasa a wurin. Ɗan abin da na haɗa na magani ne, shi ya sa wani abokina ya ce in bi jirgi, ya fi mota araha. Ni kuwa tun da nake ban taɓa shigarsa ba.

Da hantsi na isa tashar Kano na bi layi, har na kai gaban taga. Mai sayar da tikitin, wani mai tabarau, ya ce biyu ko? Na ce ɗaya. Ya leƙa ta saman kafaɗata ya ce, "Shi Baban fa?" Na waiga, wata mata ce kawai a bayana da goyo. Na ce ni kaɗai ne. Ya miƙo min yana ƙunƙuni, wai haka mutane suke, ko yaro rabin kuɗi ake biya masa balle dattijo da gemu, kuma in sani duk wanda aka kama ba tikiti ninki biyu zai biya, ko a sauke shi a tasha ta gaba. Na ɗauka rikicin aiki ne ya ishe shi.

To, taragon ya cika maƙil, wasu a tsaye wasu a kan buhuna, amma wurin da ke gefena wajen taga ba wanda ya zauna. Har na ce wa wani da ke tsaye ga wuri, ya yi murmushi ya ce a'a, a bar Baba ya sake. Nan fa na fara tsarguwa.

Mun wuce Zariya kaɗan mai duba tikiti ya iso. Ya huda nawa, sai ya miƙa hannu gefena ya tsaya yana jira, can ya juyo gare ni ya ce ina na babanka, ga shi kai ya nuna min. Na rantse masa ni kaɗai na baro gida, ai kuwa mutane suka taso min, wai in ji tsoron Allah, a gabansu na shigo da tsohon yana dafe da kafaɗata. Ma'aikacin ya ce ko tara, ko mu sauka mu biyu. Na tuna Sale a kwance, na ga in aka ajiye ni a ƙauyen da ban sani ba sai yaushe, sai na kwance kuɗin magani na biya. Har rasit ya rubuta, ya ajiye a kan kujerar.

Abin mamaki, tsoro bai kama ni kamar son in sani ba. Wata Hajiya ce zaune gabanmu, na sunkuya na ce don Allah Hajiya yaya kamanninsa? Ta dube ni kamar mai taɓin hankali, amma ta faɗa: dogo ne siriri, farin gemu, da malfa da sandar kiwo, tun Kano yake jan carbi bai ce uffan ba. Na laluba dangi kaf, rayayyu da matattu, ban san mai wannan kama ba. A hankali na kai hannu wurin, ba komai, sai dai da ɗumi, ga wani ƙamshi kamar hayaƙin garke. Na yi sallama ƙasa-ƙasa, ba amsa.

Da muka tsaya Kaduna, da idona na ga mutane suna janye ƙafafu, suna karkacewa, hanya tana buɗewa har bakin ƙofa, kuma ba kowa a cikinta. Hajiya ta ce Allah ya kiyaye hanya Baba. Nan take wani ya faɗa kujerar.

Sale dai ya warke, alhamdu lillahi. Da na koma Toranke na kwashe komai na faɗa wa Innarmu tana tankaɗe. Ta ajiye rariyar, sannan ta ce, "Ka biya masa?"

Na ce na biya, Inna.

"To ka kyauta."

Ta ci gaba da aikinta. Na bi ta da tambaya har ta rasu, ba ta ƙara min kalma ɗaya ba. Ku dai ku riƙe addu'ar tafiya. In kuma kun shiga abin hawa a cike kuka ga wuri ɗaya kowa yana kauce masa, ku yi sallama kafin ku zauna.