Tatsa Ba Ɗan Maraƙi

Da asuba, ana sallame salla, Lukumanu yakan hau kan wata tsohuwar durom ya goge farantin sola da tsumma, a hankali, kamar mai shafa bayan saniya. A haka na fara ganinsa, a haka kuma na riƙa samunsa shekara huɗu. Ni ɗan dako ne a Rogo Sabon Gari, buhunan gyaɗa da masara nake lodi, rumfarsa kuwa tana daf da inda motoci ke tsayawa. Kafin motar farko ta iso nakan zauna a bencinsa in miƙe ƙafa.

Sana'arsa cajin waya da tura finafinai. Ka ba shi waya ko memori, ya zuba maka daga kwamfuta, ka je gida ka kalla. Masu wannan sana'a suna da yawa a garin, amma shi kaɗai na sani yana korar ciniki. Duk fim ɗin da ya shigo sai ya kalle shi tukuna. In bai yi ba, ya jefa shi wani lungu a kwamfutar da ya sa wa suna Juji, kuma ko roƙonsa ka yi ba zai tura maka ba, sai ya ce ka je ka sha shayi da kuɗinka. Ni masu daɗin baki sun gajiyar da ni tuntuni. Mutumin da zai mayar maka da kuɗinka da hannunsa, wannan na yarda da shi.

Bencin nan majalisa ne, kowa da fim ɗin da ya cuce shi. Sulle ɗan acaba har yau bai huce ba: a talla an nuna mota tana wuntsilawa, ya zauna awa biyu, mutane na falo suna shan lemo, har aka tashi motar ba ta ko tayar ba. Adawiyya mai ƙuli-ƙuli ta bi wani fim mai dogon zango kashi arba'in tana jiran a kama wanda ya sace jariri, ƙarshe aka ce ai mafarki matar take yi. Ta ce cajin wayarta dai ba ta yafe ba. Ni nawa guda ne, wani manomi da na gani yana noma cikin farar shadda, fartanyarsa ko ƙasa ba ta taɓa sani ba. Kowa ya faɗi nasa, a yi dariya, sannan a juya a dubi Lukumanu.

Shi ba fuskar ɗan wasa yake kallo ba, hannunsa yake kallo. Ya ce baki yana haddace abin da aka rubuta masa, hannu kuwa sai abin da ya saba. A garin Fulatan ya tashi, a bayan shanu, har babansu ya rasu aka raba garken ya watse. In hantsi ya yi babu ciniki, yakan jingina da ginshiƙin rumfa, ya lumshe ido, ya ba ni labarin fim ɗin da yake so wata rana a yi. Babu waƙa, babu falo. Shanu suna gangarawa bakin dam ɗin Karaye da sassafe, tururi yana tashi daga kan ruwa, balbela tana tafe a gefensu kamar an aike ta. Sai ƙarar nono a cikin ƙwarya, da farko siririya, in kumfa ta taso ta koma can ƙasa-ƙasa. Na taɓa tambayarsa to ina labarin. Ya ce labarin ke nan. Ban gane ba, amma ranar na yi lodi ina jin ƙarar nan a kunnena.

Yana da ƙane, Zaharaddini, wanda ya yi shekara bakwai a Kano yana bin masu shirya fim, yau riƙon fitila, gobe ɗaukar jaka. Daminar bara aka ba shi babban matsayi a karon farko, ya fito a makiyayi. Shi da kansa ya aiko wa yayansa fim ɗin, da saƙon cewa ya tura wa kowa. Mahaifiyarsu, Inna Hajo, ita ma ta aiko daga Fulatan tana jira. Duk majalisa ta san inda maganar ta tsaya: ko Lukumanu ya tura, a gane Juji na bare ne kawai, ko ya jefa ɗan uwansa a ciki.

Ranar da ya kalla ina wurin, ruwan sama ya hana motoci shigowa. Ga Zaharaddini da sabuwar malafa, ya tsuguna gefen saniya da bokitin roba, ya kama hantsa yana ja. Ɗan maraƙi babu shi babu alamarsa. Aka ɗauke hoton aka dawo, bokiti ya cika fal. Ko ni da ba makiyayi ba na san saniyar ƙasar nan ba ta sakin nono sai ɗanta ya fara tsotsa, sannan a ɗaure shi a ƙafarta ta gaba tana lasarsa, kai kana tatsa. Lukumanu ya tsayar da hoton, ya mayar baya, ya sake kallo. Ruwa yana ta dukan kwanon rumfa. Can ya ce, ba da ni yake ba, shekara goma suna tatsa tare da Zaharaddini.

Washegari benci ya cika tun kafin Lukumanu ya sauko daga durom.

"Malam Lukumanu," in ji Sulle, "yau za mu ga ko Juji ya san ɗan gida."

Adawiyya ta miƙa wayarta, ta ce a zuba mata na Zaharaddini.

"Yana Juji," in ji shi.

"Ƙanenka fa, ciki ɗaya."

"Shi ya sa na kalla sau uku."

Ba wanda ya yi dariya. Mutane dai suka je wasu rumfunan suka samo, kwana biyu labari ya kai Fulatan. Mata a bakin rijiya suna cewa saniyar Kano ta waye, ba ta buƙatar ɗa. Masu cewa Lukumanu ya yi gaskiya sun fi yawa, amma ban ga hakan ya yi masa daɗi ba.

Zaharaddini ya kira shi ina zaune, wayar kuma mai ƙara ce. Ya ce ya gaya wa masu fim ɗin, darakta ne ya ce kukan maraƙin yana ɓata sauti, aka janye shi, kuma wanda aka ba dama yau yau ba ya gardama.

"Yaya, shekara bakwai nake jiran wannan."

"Na sani."

"Ko don Inna ba za ka tura ba?"

Can Zaharaddini ya kashe wayar. Mako biyu Lukumanu yana kira ba a ɗauka. A kwanakin nan ya daina ba ni labarin shanun dam. Sai in gan shi ya ƙura wa kwamfuta ido, fim ɗin nan dai, yana tafiya da shi kaɗan-kaɗan kamar mai tsintar gyaɗa a gonar da aka gama cira.

Ya kuwa tsinto. Akwai wurin da jarumar take ta zuba zance a gaba, Zaharaddini yana can baya a gefen hoto, ya ɗauka ba shi ake ɗauka ba. Hannunsa ya bi wuyan saniyar, ya laluba ƙarƙashin kunne, ya cire kaska, ya taka ta da takalmi, ya sosa mata wurin. Saniyar ta sunkuyo da kai ta jingina da shi. Duka bai kai minti ɗaya ba. Lukumanu ya yanko wannan ya sa a wayarsa.

Ina da lodi a Fulatan ranar wata Laraba, daga can kuma zan wuce Yola ta Karaye inda na samu aikin da ya riƙe ni har yau. Muka tafi tare da Lukumanu a bayan mota da sanyin safiya. Inna Hajo tana tsakar gida a kan tabarma. Bayan sun gama gaisawa, ta tambayi hanya, ta tambayi mutanen Rogo, ya durƙusa ya riƙe mata wayar kusa da ido. Ta kalla, ta ce ya sake. Ya sake har sau huɗu.

"Hannun babanku ne," ta ce. "Ina sauran?"

"Sauran ba na kallo ba ne, Inna."

Ta ce ai ta ji a bakin mata. Ta dai riƙe wayar a tafinta bayan hoton ya ɗauke.

A bayan gidan akwai garken kawunsu, ana shirin tatsa. Lukumanu ya naɗe hannun riga. Ya jingina wayar da wani dutse tana ɗauka, ya kwance ɗan maraƙi daga dangwali, igiyar da ake jera su a jiki, ya sake shi ya tsotsa, ya janye shi ya ɗaure a ƙafar uwar. Sannan ya tsuguna da ƙwarya tsakanin gwiwoyinsa. Raɓa ba ta bushe ba, rana tana fitowa ta cikin dawa. Na ji ƙarar nan da ya sha ba ni labari, siririya tukuna, sannan ta koma ƙasa-ƙasa. Da ya gama na tambaye shi na wane ne. Ya ce na Zaharaddini, ko darakta zai so ya ji yadda sautin yake in an bar maraƙin.

Direba ya danna hon, na hau kan buhuna. Sabis ba ya kamawa a garken. Da motar ta juya na hango shi ya hau kan wani suri, kumfar nono a yatsunsa, ya ɗaga wayar sama yana jiran saƙon ya tafi.