Anti Hadiza da takardun harajina

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labarin ya same ni. Anti Hadiza ta rasu.

Ina cikin motar ma'aikatan asibiti, mun kusa shiga get, sai ga kiran Maryam, babbar 'yarta, daga Funtuwa. Ta fara da Hausa, ta ce, "Anti Fa'iza, Mama..." sai muryarta ta karye, ta ƙarasa da Larabci. A Riyadh ta tashi, idan abu ya yi mata nauyi Larabci ne ke fito mata. Ta ce ciwon ƙirji ne, kwana biyu kacal, ta cika kafin asuba.

Na shiga lab na sa rigar aiki, na tsaya gaban na'ura, na kasa tuna abin da ake fara dannawa.

Da yawanku da ke nan Riyadh kun san ta. Waɗanda ba su san ta ba, bari in gaya muku. Akanta ce a asibitin da nake aiki, shekara ashirin da wani abu tana zaune a garin nan da mijinta, Malam, wanda ke koyarwa a jami'a. Wata huɗu kenan da suka yi huruj, wato fitar da ba dawowa, suka koma gida.

A masallacin mata na asibiti na fara ganin ta. Satina uku da zuwa, iƙamata, wato takardar izinin zama, ba ta fito ba, ban san kowa ba. Ina waya da ƙanena ina ƙorafi da Hausa, sai na ji wata a bayana ta ce, "'Yar ina ce wannan mai faɗa haka?"

Na juya na ga mace gajeruwa da tabarau a saman goshi, tana naɗe sallaya. Washegari da kanta ta raka ni ofishin ma'aikata. Ta kuma kawo mini rigar sanyi, wai ta san AC ɗin lab ba ya tausayin baƙo.

Tun ranar take ce mini ƙanwata.

Akwai abin da ban taɓa rubutawa a nan ba, yau zan faɗa saboda ita.

Kafin in zo Riyadh na yi digiri na biyu a Amurka. Ina karatu ina ɗan aiki a lab na makaranta, ana biyana. A can, ko ɗalibi baƙo ne kai, duk shekara sai ka cike takardun haraji ka aika kafin tsakiyar Afrilu. Shekarar farko wata ƙawata ta taya ni. Ta biyu ban yi ba. Na gama karatu na tattara na taho ban yi ba. Da na zo nan kuma na ga ba a cire harajin albashi, sai na tura maganar bayan zuciyata, kamar ba ta taɓa faruwa ba.

Sai da na fara neman komawa can digiri na uku. Wani da muka yi aji ɗaya ya ce mini, "Kin dai cike takardun harajinki ko? Kar ki je neman biza a tono miki." Ban san ko gaskiya ya faɗa ko tsorata ni yake ba. Na shiga intanet, kowa da abin da yake cewa. Wani ya ce tara, wani ya ce hana shiga ƙasar. Abinci ya daina yi mini daɗi. Karatun nan shi ne burin da na daɗe ina riƙe da shi, ga shi ina ganin zai kuɓuce saboda takardar da na yi wa kasala.

Anti Hadiza ce ta lura. Muna cin abincin rana ta ce, "Ƙanwata, shinkafar nan kike juyawa tun ɗazu. Mene ne?"

Na gaya mata ina sunkuyar da kai kamar wadda ta yi sata.

Ta yi dariya har sai da ta cire tabarau. Ashe ita da Malam sun yi shekara shida a Amurka lokacin da yake karatu, a can ta karanci akanta, kuma duk lokacin haraji takan zauna ta taya ɗalibai baƙi cike fom kyauta.

Ta ce, "Ranar Juma'a bayan la'asar ki zo gidana a unguwar Al-Shifa. Ki taho da fasfonki, tsoho da sabo, da duk takardar da makaranta ta taɓa ba ki. Ko wadda kike ganin shara ce."

Na je da leda cike da takardu. Na tarar ta yi tuwon shinkafa da miyar kuka. Ta ce ba a buɗe takardar haraji da yunwa, sai na ci.

Kafin mu fara ta ce, "Ni ba lauya ba ce, kuma dokokinsu sun canza tun barina. Abin da na sani zan gaya miki. Wanda ban sani ba, mu rubuta wa ofishin ɗalibai baƙi na makarantarku mu tambaya." Haka kuwa aka yi, a gabanta na tura imel ɗin, tana gyara mini Turanci.

Akwai wani waje a fom ɗin da ke tambayar kwana nawa ka yi a cikin ƙasar a kowace shekara. Na ce mu sa kusan kaza, ai ba wanda zai ƙirga.

Ta kalle ni ta saman tabarau. Ta ce, "Ba ma kintace. Sa hannu za ki yi a ƙasa. Miƙo fasfo."

Su can ba sa buga hatimin fita, don haka sai da muka riƙa haɗa hatimin saukata a gida da tsoffin tikitin jirgi da ke cikin imel ɗina. Tana karantawa ina rubutawa a bayan wata ambulan. Muna cikin haka ta ɗora yatsa a kan wani hatimi ta ce, "Wannan fa? Tsakiyar zangon karatu kin je gida, kwana sha ɗaya kin dawo. Biki?"

Na ce, "Rasuwar Ummana ce."

Na ce mata na iso an riga an kai ta. Na yi kwana sha ɗaya na koma saboda jarrabawa. Watan Afrilun da ya biyo baya shi ne wanda ban cike takardar ba. Ban taɓa haɗa abubuwan biyu a kaina ba sai a ranar, ina zaune a falonta. Ashe ba kasala kawai ba ce. A lokacin ko wasiƙa ba na iya buɗewa.

Anti Hadiza ba ta ce mini in yi haƙuri ba. Ta rufe laptop ɗin, ta tashi ta ɗora shayi, ta dawo ta zauna kusa da ni a ƙasa. Ta ce, "Mene ne sunanta? Ba ni labarinta."

Tun rasuwar ba wanda ya tambaye ni haka. Na ba ta labarin Umma, yadda take sayar da zannuwan gado, yadda take kirana Dakta tun ina firamare, yadda take tsoron bidiyo kol don wai fuskarta na kumbura a ciki. Na yi kuka, na yi dariya, na sake kuka.

Sai ta ce ita ma mahaifinta ya rasu tana nan Riyadh, a zamanin da sai kafili, wato wanda ya ɗauke ka aiki, ya sa hannu kafin ka fita ƙasar. Takardar ba ta fito ba sai bayan sadakar uku. Ta ce, "Har yau idan na je Funtuwa ina jin kamar ya tafi kasuwa ne. Wanda bai ga an fita da mutum ba, zuciyarsa ba ta yarda da wuri."

Ranar ba mu gama fom ɗin ba. Sai Juma'a ta gaba, da wadda ta biyo ta.

Ita ta raka ni inda ake aika saƙo, ta sa na ɗauki hoton kowane shafi kafin a liƙe ambulan. Bayan watanni amsa ta zo. Babu tara. Ashe ma su ne suka cire mini fiye da kima a albashin makaranta, suka aiko da cek na ɗan abin da ya rage. Na kai mata shi ofis. Ta ɗaga shi sama ta ce, "Halas, magana ta ƙare! Shekara biyu kina gudun mutanen da ke neman ki su ba ki kuɗi." Duk ofishin sai da suka juyo.

Na ce zan saya mata turare. Ta ce idan ina son faranta mata, in sa wani mai zuwa daga gida ya taho mata da daddawa.

Ba ni kaɗai ba ce. Falon nan na Al-Shifa ya ga takardu iri-iri. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram masu aikin gini a Dir'iyya sukan kawo wa Malam kwantiragi ya karanta musu Larabcin, ita kuma ta duba musu lissafin albashi. Matan ɗalibai sukan zo da takardun asibiti da na makarantar yara. Ba ta taɓa sa wani ya ji kunya don bai gane abin da aka rubuta ba. Cewa take, "Zauna mu karanta tare."

Idan na yi rashin lafiya, kunun gyaɗa a fulas. Idan na yi kwana biyu ban leƙa ofishinta ba, saƙo: "Ƙanwata an yi kuɗi an manta da mu."

Haɗuwarmu ta ƙarshe sati ɗaya ne kafin su tafi. Gidan duk kwalaye, ta ce mu fita ta sha iska. Muka je Al-Murabba, muka zauna a lambun da ke kusa da gidan tarihi, da kofin shayi a hannun kowa. Yara na ta gudu a gabanmu. Na gaya mata na samu gurbin karatun, bizar ma ta fito.

Ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta sake shi ba.

Ta ce, "To idan kin koma, Afrilu na zuwa ki kira ni. Kar ki sake ki ajiye takarda a ƙasan akwati."

Na tambaye ta ko tana murnar komawa gida. Ta kalli yaran. Ta ce, "Ina murna. Amma kin san shekara ashirin ina sabunta iƙama, kullum ana tuna mini ni baƙuwa ce. Yanzu kuma zan je inda ba mai tambayata takarda, ina tsoron in tarar ban san hanyar kasuwa ba."

Da za mu rabu na ce zan zo filin jirgi. Ta ce a'a, ba ta son kuka a gaban mutane. Na biye mata. Da ma ban biye ba.

Kwana goma da suka wuce ta turo mini saƙon murya. Tana dariya tun daga farko. Wai tana son buɗe ɗan ofishin akanta a Funtuwa don ta riƙa taimaka wa mata masu ƙananan sana'o'i, an ce sai ta yi rajistar haraji ta intanet, ta shiga shafin ta rasa gane gabansa da bayansa. Ta ce, "Ƙanwata, yau ni ce ɗaliba baƙuwa a ƙasata. Tunda ƙanenki ya san harkar, haɗa mu a waya ranar Asabar ku koya mini."

Asabar ta zo aka canza mini shif. Na ce mata mu bari sai ta gaba.

Ta ce, "Ba gaggawa, Allah Ya kai mu."

Jibi ce Asabar ɗin.

Na saurari saƙon nan yau ban san sau nawa ba. A bayan muryarta ana jin zakara na cara, da wani yana sallama a ƙofar gida. Ta isa gida dai. Wata huɗu ta samu tana jin sallama da Hausa a ƙofarta, ina gode wa Allah da wannan. Amma ina kewarta. Ina kewar in hau bene na biyu in leƙa in ga tabarau a saman goshi. Wata aka sa a kujerarta tun tafiyarta, mutuniyar kirki ce, amma har yanzu idan na wuce ta wajen sai na rage sauri.

Maryam ta ce ƙarfe sha ɗaya agogon gida za a yi jana'iza, ƙarfe ɗaya kenan a nan. Zan nemi a ba ni minti goma in sauka masallaci.

Ya Allah, ga baiwarKa Hadiza ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka sauƙaƙa mata hisabi kamar yadda ta sauƙaƙa wa bayinKa abin da ya yi musu wuya. Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka haɗa ta da mahaifinta a Aljannar Firdausi. Ka ba Malam da Maryam da ƙannenta juriyar wannan rashi.

Don Allah duk wanda ya karanta wannan, ko ka san ta ko ba ka san ta ba, ka tsaya ka yi mata addu'a kafin ka wuce. Ku ambaci sunanta, Hadiza. Idan da hali ku haɗa da Ummana, sunanta Sa'adatu.