Tsumar Nomau

Har gobe ba zan manta da ranar da aka kawo Nomau na Ɗan Gulbi gaban lokotoro ba. Lokacin ina tafinta a ofishin kumandan na Dakoro, a shekarun ƙarshe na mulkin Faransa. Ƙa'idar bikinsu na watan Yuli ita ce, duk ɗan kokawa sai likitan nan Bature ya duba shi da hantsi. Wanda aka samu da masassara, a soke sunansa, ko ɗan wane ne.

Nomau kuwa tun da ya fara kokawa bayansa bai taɓa ƙasa ba, ga shi za a haɗa shi da wani ƙato daga Ajekoriya. Yana shigowa na ga gwiwoyinsa na kaɗawa, gumi ya jiƙe shi sharkaf. Lokotoro ya ɗauki alƙalami, ya ce in tambaye shi tun yaushe yake ciwo.

Nomau ya yi ƙasa da murya. "Malam, ba ciwo ba ne. Tsoro nika ji. Wanda bai taɓa hwaɗuwa ba, kullum ita shika jira."

Wallahi ya ba ni tausayi. Ga gardi biyu, dogaran kumandan, a bakin ƙofa, suna jin Faransanci sarai. In na furta kalmar, kafin azahar ta zaga kasuwa, sunan Nomau ya mutu tun bai shiga fili ba. Sai na ce wa lokotoro, "Tsuma yake." Ya ce mece ce tsuma? Na ce Faransanci ba shi da ita: rawar jiki ce da ke kama namiji in fili ya kira shi. Ya auna zafin jikinsa, bai sami komai ba, ya sa hannu.

A waje na tare Nomau. "Na ce mishi tsuma kake. Kada ka maishe ni maƙaryaci."

Da la'asar makaɗa suka saki takensa. Rawar jikin nan tana nan, ba ta ragu ba, jama'a na ihu, "Ya tsumu! Ya tsumu!" Ba a daɗe ba ya yi sama da ƙaton, ya shimfiɗe shi.

Ku yaran yanzu kuna zaton tafinta aku ne. Ni dai a ranar na gane mutuncin mutum ake ɗora mana a harshe. Na juya dubban kalmomi a ofishin nan, amma da wadda na ƙi juyawa nake alfahari.