Allurar Zafi a Hanyar Salaga

Talata: Tamale zuwa Salaga

Muna idar da sallar asuba muka tashi daga ƙofar shagona na ɗinki a unguwar Nyanshegu, ƙarfe biyar da kwata. Shekarar da Gana ta sami 'yancin kai ke nan. Mahaifina zan ɗauko daga Salaga. Tsohon maƙeri ne, ciwon yanar ido ya rufe masa idanu shekara shida. Wani likitan ido ya zo asibitin Tamale, kuma an ce ranar Laraba ƙarfe huɗu na yamma za a rufe rubuta suna. Motar fasinja ba ta tashi sai ta cika, don haka na nemi Alhasan, wani Badagombe tsohon soja da ke unguwar Kukuo. Yana da tsohuwar motar daji da ya saya a gwanjo, da ita yake ci da iyalinsa.

A shingen 'yan sanda na bakin gari an kafa sabuwar tuta mai baƙin tauraro. Kofur ya gane Alhasan, ya sara masa cikin wasa ya ɗaga sanda. Muka sha koko da ƙosai na kwabo uku a gefen shingen, muka kama hanya, mil saba'in da 'yan kai a gabanmu.

Mun ci kamar mil ashirin lafiya ƙalau. Muna shiga gargada sai allurar da ke nuna zafin inji ta yi tsalle ta kai ja. Alhasan ya taka burki. A Hausarsa ta barikin soja ya ce, "Tela, mota ya yi zafi."

Muka jira rabin awa. Ya buɗe lagireto, ruwa cike. Ya taɓa fambel, a ɗaure yake. Da ya tayar, allura ta zauna a tsakiya kamar ba ita ba. Mil biyar gaba ta sake. Ya ce shi ba zai yi gardama da allura ba, ya taɓa ganin inji ya ƙone a hannun wanda ya raina ta. Kafin Kpalbe mun tsaya sau huɗu. A nan muka ci dafaffiyar doya da yaji, matan rafi suka cika mana galan da ruwan da motar ba ta nema ba. Tafiyar da muka yi wa lissafin awa huɗu, sai bayan la'asar muka shiga Salaga.

Muka sauka a gidan yayata Hajara, inda Baba yake zaune. Ta tuƙa tuwo da miyar ayoyo, ta soya wagashi, wato cukun nono. Baba ya shafa kafaɗata ya ce na rame, Yaya Hajara ta ce ƙarya ne, tumbi na ajiye. Kafin magariba Alhasan ya kai motar wurin wani makanike. Shi kuma ya bar ta tana aiki a tsaye kusan awa guda, allura ba ta motsa ba, ya ce bai ga ciwon da zai yi wa magani ba.

Laraba: Salaga zuwa Tamale

Ƙarfe shida muka tashi. Baba ya zauna gaba, tsakanina da Alhasan, jakarsa ta fata a cinya. Ya ƙi barinta, wai awartakinsa na ciki, bai taɓa kwana nesa da shi ba. Ni kam idona na kan allura. Idan tafiyar jiya za mu maimaita, ƙarfe huɗu a hanya za ta same mu.

Ba mu yi mil goma ba ta yi tsalle, na yi salati, muka tsaya. Muka ci gaba, ta sake, na sake salati. A tsayawa ta uku ƙarfe tara ta gota, ga shi ko sulusin hanya ba mu yi ba. Alhasan ya zauna a kan dutse ya dafe kai. Ya ce ya ji kunyata, amma idan injin nan ya mutu shi ma ya mutu.

Baba ya ce a sauke shi. Na kama hannunsa na kai shi gaban mota. Ya sunkuya ya shaƙi iskar injin, ya ɗora tafinsa sama da shi, ya matsa tiyon ruwa da yatsa biyu.

"Soja," in ji shi, "shekara hamsin ina zaune da ƙarfe mai zafi. Wannan ɗumi gare shi, bai yi zafi ba."

Alhasan ya ce da ladabi, Baba, ai allura ya nuna.

"Ni ban ga allura ba. Abin da na sani, duk sa'ad da ƙuguna ya daki kujera, sai in ji ɗan nan nawa ya yi salati. A hanya mai laushi kuwa shiru yake. To, rami ne ke ɗumama mota?"

Alhasan ya ɗago kai a hankali. Ya tayar da injin, ya ce in zuba wa allura ido, shi da wani manomi da ya tsaya da kekensa suka hau girgiza motar. Allura ta hau rawa. Ya sa hannu ya bi wata siririyar waya da ta fito daga kan injin, ya taɓa ta, allura ta tafi ja. Ya sake ta, ta dawo. Notin da ke riƙe da ita ya kwance, rigar wayar kuma ta goge, duk girgiza sai ta taɓa jikin ƙarfe. Dariyar da ya yi har da hawaye.

Sifanarsa ta yi wa notin girma. Baba ya zaro awartakinsa, da injin ya huce ya laluba da kansa ya ɗaure. Manomin ya yanko mana roba daga tsohon tubun kekensa, aka naɗe wayar. Muka ba shi goro biyu, ya ce albarkar tsoho ta ishe shi, amma ya karɓa.

Daga nan Alhasan ya saki mota. Yana waƙar barikinsu, Baba na kaɗa masa da awartaki a gwiwa. Kowane rami muka faɗa sai su tambaye ni ina salatin. A Kpalbe ko tsayawa ba mu yi ba, sai hannu muka ɗaga wa matan rafi. Kofur na jiya ya ɗaga sanda tun daga nesa. Ƙarfe ɗaya saura muna ƙofar asibiti. Malamin rajista ya rubuta sunan Baba, ya ce mu dawo da safe.

Muka yi azahar a gida. Matata ta shimfiɗa tabarma, 'ya'yana uku suka jeru yana shafa kawunansu yana cankar sunan kowa. Alhasan ya ci abinci tare da mu, ya tsuguna gaban Baba kafin ya tafi, Baba ya sa wa shi da motarsa albarka.

Idon dama likitan ya yi wa aiki, ya ce na hagu ya riga ya wuce. Ranar da aka kwance bandejin ina tsaye a gaban gado. Baba ya daɗe yana kallona, yana ƙifta ido, sannan ya ce, "Ashe ka yi furfura, ba wanda ya gaya mini."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Ina gode wa Alhasan, da Yaya Hajara, da likitan, da manomin nan mai keke da ban ko tambayi sunansa ba.