Darasin da Mai Fanka Bai Yi Ba

Ina kan keke ina ɗinka aljihun wando ƙanwar maƙwabcina ta kira ni. Ko sallama ba ta iya yi ba, cewa kawai ta yi, "Tela, Yaya ya tafi." Na ce ina? Sai ta fashe da kuka.

Shekara goma sha tara bango ɗaya ne tsakanin shagona da nasa. Mai Fanka kowa ke ce masa, ko da yake har injin niƙa da na ban ruwa yana gyarawa. Idan inji ya ƙone, sai ya zare tsohuwar wayar ciki, ya naɗa sabuwa da hannu, yana ƙirga zagaye a ransa. Ka yi masa magana a lokacin, harara ce ladanka.

Shi ya ƙirƙiro koyar da sana'ar a bidiyo, ni kuma aka maƙala wa riƙon waya. Sharaɗinsa guda, hannu kawai zan ɗauka. "Fuskata ba ta gyara fanka," in ji shi. Darasi talatin da bakwai muka yi a haka, kyauta. Mutane suka yi ta rubuto masa a ƙasan bidiyo, wannan ya buɗe shago, wancan ya yi aure da sana'ar. Ba wanda ya taɓa tambayar wa ke sayen injin da ake farkewa a gabansu. Daga bakin 'ya'yansa yake ragewa.

Saura darasi ɗaya, na injin rijiyar burtsatse, wanda suka fi damunsa da roƙo. Injin ya fi ƙarfin aljihunsa, ga ciwon ƙoda ya fara cinsa, yatsunsa sun soma ƙin lanƙwasuwa. Ya san lokaci ya ƙure. Sai wani mai shagon batura ya ce zai ba shi injin, in zai riƙe baturinsa ya yi masa talla na minti ɗaya, fuska a waje.

Ya yarda. Ranar ɗaukar tallan ya sa rigar da na ɗinka masa, wuyan ya ƙi rufuwa saboda kumburi. Ya ce, "Tela, ɗinkinka ya lalace." Na ce, "Wuyanka dai ya samu ci gaba." Muka yi dariya, na ɗauka, ya sa tallan a gaban wani gajeren bayani.

Kafin la'asar masu kallo sun yi masa ca. "Da ma mun san za a rina." "Ashe kasuwa aka zo ci da mu." Wani da ya koyi sana'ar kaf a hannunsa ya rubuta, "Ku dubi kumatu! Kuɗinmu ya karɓi Malam." Wane kuɗinku? Wanda kuka ba shi a mafarki? Ruwa ne ya cika masa fuska, ku marasa tsoron Allah! Na ce bari in gaya musu ba shi da lafiya. Ya riƙe min hannu. "In ka faɗa, cewa za su yi bara na koma."

Kwana uku yana karantawa, yana bin kowane layi da yatsa. A na huɗu ya goge tallan, ya ce alƙawari ya warware, a mayar wa mai batura injinsa. Na yi faɗa, na yi lallashi, har na ce masa wawa. Ni na tura injin a baro, ko kwalinsa ba a yage ba. Ban yafe wa kaina wannan turawar ba.

Yanzu su ɗin ne suka cika shafin da "Allah ya jiƙan Malam." Amin. Amma har da mai tambayar ko an bar darasin rijiyar a waya. Ba a bari ba. Ya tafi da shi a yatsunsa.

Ganina da shi na ƙarshe a asibiti ne, da hantsi, ana gobe zai rasu. Ya ce in karanto masa saƙonni. Na riƙa tsallake masu ɗaci, ya gane.

"Wanda ka tsallake fa?"

"Mai maganar kumatu ne. Wai injin rijiyar unguwarsu ya ƙone, yaushe za ka yi darasin."

Ya ɗaga hannayensa ya dube su. "Ce masa ya yi haƙuri. Kar ya buɗe da ka, zai ɓata shi. Ya nemi wanda ya iya."

"Kai ne ma za ka ba shi haƙuri?"

"To rijiyar ce ta zage ni? Rubuta, mutumina."

"Wallahi ba zan rubuta ba."

"Tela ke nan," ya ce. "To gyara min matashin nan."