Turken da Yaya Garba Ya Kafa a Kogi

Da daminar bana shekara ashirin da shida ke nan cif tun da muka kai wana, Yaya Garba, makwancinsa a kan jigawar da ke bayan ƙauyenmu, tafiyar rabin yini daga Haɗejiya. Ku da wannan takarda za ta faɗo hannunku, ko aka karanta muku ita a zaure, kada ku sa ran jin wa'azi. Ni Sale malamin allo ne kawai. Ban ɗauki alƙalami don na gane wani abu ba, sai don abin ya daɗe yana ɗaure mini kai, bana kuma ya dawo ya tsaya mini a wuya.

Kun dai ga halin da ake ciki. Annoba ta share garke bayan garke. Fadamar da a da ba ka ratsa ta da rani sai kana kauce wa ƙaho, yau ungulaye ne suka cika ta, sun ƙoshi har ba sa tashi in mutum ya matso. Maƙwabcina Buba, wanda kakanninsa suka zo da shanu suka zauna tare da mu, ya wayi gari da karsana ɗaya tak. Kullum da safe sai ya leƙo ya ce, "Malam, zo ka duba mini ita." Ni da ban san kan saniya ba! Masu zuwa yi masa jaje kuma sai su ce, Allah sarki, da Garba na da rai da ya san abin da zai gaya wa mutane. In na ji haka sai in kau da kai, don na san abin da Garba ya gaya wa mutane a zamaninsa, na kuma san yadda aka yi.

A wajenmu shinkafa ba ruwan sama kaɗai take jira ba. Muna shuka ta a fadama, ta tsiro, sannan kogi ya cika daga yamma ya malalo ya raine ta. Saboda haka tun kakanni akwai mai duba ruwa. Yakan kafa dogon turken ƙirya a cikin kogi, an yi masa tsaga-tsaga, tsakanin kowace tsaga faɗin yatsa ɗaya. Da an idar da sallar asuba sai ya shiga ya duba, ya dawo ƙofar Bulama, mai garinmu, ya faɗi ko ruwa ya hau ko ya sauka. Yaya ne ya gaji wannan aiki daga mahaifinmu. Mutum ne mai faɗin ƙirji da wushirya, ga tsokana. Ko jana'iza aka je, sai ya sami abin da zai raɗa maka a hanyar dawowa ka yi ta danne dariya kana istigfari.

Shekarar da nake magana, fari sun riga sun cinye mana amfanin shekarar da ta gabace ta. Damina ta sauka da kyau, sai kuma ta ɗauke cak. Gero ya murɗe a tudu. Mata suka koma tonon gidan tururuwa don 'yar ƙwayar da ke ciki, yara na gwaguyar goruba har dasashinsu na jini. Abin da ya rage mana a duniya shi ne shinkafar fadama, ita kuwa ta yi ja tana jiran kogi, kogi ya kwanta a cikin kwarinsa ya ƙi motsi. Gari ya rabu biyu. Wasu suka ce a tashi a nemi inda abinci yake, wasu suka ce hanya ba lafiya, ga mahara, ga mai ƙaramin ƙarfi ba zai kai ba. Bulama ya ce a jira abin da turke zai ce.

Matata Hajo ta riga ta ɗaure kayanta. Tana so ta ɗauki 'yarmu ta fari, mai shekara uku, ta bi ayari zuwa wajen danginta can ɓangaren Jahun. Yarinyar nan ta rame har idanunta sun yi zuru-zuru. Ranar da ayarin zai tashi, Yaya ya fito daga kogi yana yarfe ruwa daga wandonsa, ya ɗaga murya tun daga nesa ya ce ruwa ya hau yatsa ɗaya. Kashegari ya ce ya ƙara yatsa. Mutane suka ruga bakin gaɓa suka ƙirga tsagogin da ke sama da ruwa, lalle kuwa sun ragu. Hajo ta kwance ƙullinta. Maza suka koma fadama cire ciyawa da gyaran kunya, Yaya a gaba, yana zolayar duk wanda ya zauna cewa in ruwa ya zo a zaune zai tafi da shi.

Rana ta tara na riga shi fita, na tsaya bayan ciyawar bakin kogi don in kama ruwa. Sai na gan shi ya shiga har ƙirji, ya waiga dama da hagu, ya rungumi turken nan ya ɗora nauyinsa a kai yana danna shi cikin laka. Wallahi na ɗauka idona ne. Na fito na ce, "Yaya, me nake gani haka?" Bai firgita ba, bai ba ni haƙuri ba, bai kuma yi mini wani bayani ba. Ya dube ni yana haki ya ce, "Sale, ƙarfina ya ƙare, yau ya ƙi shiga. Zo ka kama mini." Ni kuwa na shiga na kama. Mu biyu muka danna shi yatsa ɗaya, muka fito, na tsaya kusa da shi a ƙofar Bulama yana faɗin alhamdu lillahi, ruwa ya ƙaru.

To, ga inda kaina yake kwancewa. Ruwa ya zo daga baya, a makare, bayan kwana goma sha wani abu. Ya zo da gaske, ya haye turken gaba ɗaya. Mun sami kamar rabin shinkafar, kuma don an cire mata ciyawa ne aka samu. Waɗanda suka bi ayarin, wasu sun dawo, da yawa har yau ba a san inda suke ba. Amma 'yata ba ta ga zuwan ruwan ba, saura kwana huɗu ta rasu a cinyar uwarta. Shi ma Yaya bai ci sabuwar shinkafa ba. Ashe rabonsa na abinci gidanmu yake kawowa a ɓoye, zazzaɓi ya same shi ba komai a jikinsa, kwana uku ya yi.

Shekara ashirin da shida ina juya wannan. Wata rana in ce ya ceci gari. Wata rana in ce ya yi ƙarya bayan sallar asuba, ni na taya shi, 'yata ta biya. Da Hajo ta tafi, ko yarinyar za ta kai Jahun? Oho. Shi kansa ya yarda ruwan zai zo, ko dai tsoro ne ya cika shi kamar kowa, ya rufe shi da dariya? Ban tambaye shi ba, na ji nauyi, har ƙasa ta rufe shi. Ina karantar da yara cewa ƙarya haramun ce, kuma haka ne. Amma na ga mutanen da suka zube a inuwa suna jiran mutuwa sun miƙe sun ɗauki fartanya saboda yatsa ɗaya na ruwan da babu shi. Na kasa haɗa biyun wuri guda, na kuma kasa yar da ɗaya.

Makon jiya abin ya fi ƙarfina. Hajo na zaune tana kaɗi, gashinta duk ya yi fari, na zauna na gaya mata komai, har da hannuna a kan turken. Na shirya wa kuka, na shirya wa ta tashi ta bar mini gidan. Ko mazarinta ba ta tsayar ba. Ta ce, "Malam, ni da nake ɗebo ruwa kullum ina taka saiwar ɗinya guda? Da ya hau yatsa tara ai da ta nutse. Duk matan garin nan mun sani." Na ce to me ya hana ki tafiya? Ta ce, "Yarinyar ba za ta kai ko zango na biyu ba, na san haka tun ina ɗaure kaya. Ba na son in binne ta a gefen hanya. So nake wani ya ba ni dalilin zama, Yaya ya ba ni." Ta goge idonta da gefen zane ta ce, "Kai ma da ka tambaye ni tun tuni."

Kai jama'a! Wato sirrin da na yi shekara ashirin da shida ina dako, rabin gari ya san shi tun ranar farko. To wa aka yaudara ke nan? In kowa ya sani, ƙarya ce ko ba ƙarya ba? Ko shi Yaya ya san sun sani? Na je na zauna a kan jigawar nan kusa da kabarinsa, na ce, Yaya, ka ga abin da ka bar ni da shi. Na tabbata da yana iya amsawa, dariya zai yi mini har wushiryarsa ta fito, ya ce Sale sarkin tunani, tashi rana na yi.

Jiya da safe Buba ya sake leƙowa. Muka je. Karsanar na tsaye, kanta a sunkuye, hawaye na bin fuskarta, ciyawar jiya na nan ba ta taɓa ba. Buba, wanda aka haifa a cikin shanu, wanda ke gane ciwon saniya daga tafiyarta tun daga nesa, ba ita yake kallo ba, bakina yake kallo. Kwanansa biyu bai sa komai a ciki ba. Na ji lakar nan ta kogi a ƙarƙashin ƙafata kamar yau ne. Na ce, "Buba, ni dai na ga kamar ta fi jiya." Ya ce, "Ko, Malam?" Na ce ƙwarai. Ya ɗauki lauje ya nufi fadama yankan sabuwar ciyawa, a hanya ya ce wa matarsa ta dama masa kunu.

Ban san ko na yi daidai ba, kuma na daina sa ran zan sani kafin in iske Yaya. Gonarsa kogi ya cinye ta, ɗakinsa ya rushe, turken ma ruwan shekarar ya tafi da shi. Abin da ya saura nasa shi ne wannan nauyi da ya ce in zo in kama masa, ga shi har yau ban saki ba. Allah Ya gafarta masa, Ya gafarta mini, Ya jiƙan 'yata Ladi. Yau ne na fara rubuta sunanta. Karsanar na nan tsaye har yanzu, gobe da safe kuma Buba zai leƙo.